Ba Baba Ne Ya Sha Ƙanƙarar Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma ƙafar nan taki da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi, ya raba ki da ita. Mu nan sai godiya. Baban yara yana shagon askinsa kamar kullum, 'yan biyu sun ci jarrabawa an ƙara musu aji, ƙaramarsu Mamana, mai sunan marigayiya Mama, ta fara haɗa magana, har ta iya kai ƙarar yayyenta. Baba kuma yau kwana shida ke nan da sallamo shi daga asibiti. Yana cin abinci, yana fita ƙofar gida da sandarsa da yamma, sugan ya sauka ya zauna inda likita yake so. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta kafin ki karanta sauran, domin sauran ba shi da daɗi.

Yaya, sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, sai in fasa in ajiye. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Abin da na gaya miki a kan Baba, cewa shi ne yake satar shan kayan zaƙi har suga ya kwantar da shi, ba gaskiya ba ne. Ban yi miki ƙarya da gangan ba, ni ma a lokacin da za a ba ni abin rantsuwa da na rantse a kai. Amma mun ɗora wa tsohon nan laifin da bai yi ba, ni da ke da Yaya Babba, kuma a cikinmu mu uku har yanzu ni kaɗai ce na san yadda abin ya faru. Ki nemi wuri ki zauna, zan ba ki labarin tun daga farko ba tare da na ɓoye nawa laifin ba.

Kin san da an ba da dogon hutu ni ma nake samun nawa, tunda malamar makaranta ba ta da wani hutu sai na ɗalibanta. To bana zafi ya zo mana da ƙarfinsa, fanka ma iska mai zafi take hurawa, yara kuma daga an idar da sallar azahar sai su fara zarya tsakanin falo da kicin suna cewa a ba su abu mai sanyi. Na gaji da aika su shago suna kwaso lemon kwalba mai rina harshe, sai na ce bari in gwada yi musu da hannuna. Kuma wallahi abin ba wuya. In niƙa kankana a blenda, in matsa mata rabin lemon tsami, in zuba a ƙananan kofunan roba, in tsayar da ƙaramin cokali a tsakiyar kowanne ya zama mariƙi, in jera a tire in tura firiji. Wata rana mangwaro da madara, wata rana abarba da yogot. Har na ƙware na fara daka biskit in cakuɗa da bota in danna a ƙasan kofi, in zuba yogot a kai, in ɗora yankan ayaba. Akwai kuma ayabar da nake tsoma wa a narkakken cakulan in barbaɗa mata dakakkiyar gyaɗa, wannan kam 'yan biyu har dambe suke yi a kanta. Kaina ya fasu, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Maƙwabciyata nas ta aiko a tambaye ni yadda nake yi, na rubuta mata a takarda har da lamba ɗaya, lamba biyu, kamar ina shirya darasi.

Matsalar ita ce firijinmu. Kin san shi, ɗan ƙaramin nan mai ƙofa ɗaya, da ɗan akwatin ƙanƙara a sama wanda kofi takwas ma da ƙyar yake ɗauka, ni kuwa ashirin da huɗu nake yi a zubi ɗaya. Sai na yi dabara irin tawa. Na murɗa abin sanyin har ƙarshe, yadda duk abin da ke saman firijin zai daskare, na kwashe kayan ciki na sake musu wuri. Tun da Baba ya dawo wurinmu bayan rasuwar Mama, kwalin allurarsa ta insulin a jikin ƙofa yake zama, kusa da ƙwai, shi yake zuwa ya ɗauka da kansa safe da yamma. Kin san halinsa, shekara arba'in yana gyaran agogo, minti ɗaya ba ya ƙarawa a kan lokacin allura. Ni kuma da na ga yara suna buɗe ƙofar nan sau hamsin a rana suna leƙen ko ƙanƙara ta yi, sai na ji tsoron kada su yar da kwalaben su fashe. Na ɗauke kwalin na tura shi can ƙuryar sama, ya jingina da bangon baya, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Na ce wa Baba daga yau ya huta, ni zan riƙa kawo masa har ɗaki. Ya sa mini albarka, ya ce Allah ya ba ni masu yi mini.

Washegari da na ɗauko kwalbar sai na ga ruwan ciki ya daskare. Yaya, ki ji abin da ƙanwarki ta ce a ranta: madalla, a wannan zafin ai gara haka, magani ba zai lalace ba. Na murza ta a tafin hannuna har ta narke, na goge ta da gefen zanina, na kai masa. Haka na yi ta yi, safe da yamma, kusan sati biyu. A kwana na huɗu ko na biyar ya ɗaga kwalbar saitin taga, ya ƙanƙance ido kamar yadda yake duba cikin agogo, ya ce shi fa yana ganin ruwan nan ya canza, kamar da wasu 'yan ƙura-ƙura a ciki. Na yi dariya na ce idonsa ne ya tsufa, lokacin canza tabarau ya yi. Bai ja da ni ba, ya zuƙa ya yi allurarsa.

A cikin kwanakin nan ne na lura ƙanƙarata tana raguwa. Kin san malami da ƙirge, ko kujeru na gani a jere sai na ƙirga. In zuba ashirin da huɗu, in ba yara uku-uku a rana, lissafi ya ƙi fita, kullum biyu sun yi ƙafa. Na tsare 'yan biyu, na raba su ɗaki daban-daban na yi musu tambayoyi, suka rantse har da kuka, kuma na san ƙaryarsu in sun yi, wannan ba ita ba ce. A daidai lokacin kuma na'urar gwajin sugan Baba ta fara nuna lambobin da ban taɓa gani ba, kullum sai sama. Ga ƙishirwa, ga yawan zagawa banɗaki, ga kasala. Sai na shiga share ɗakinsa na tsinci ƙaramin cokali a ƙarƙashin kujera, yana danƙo. Da zan wanke farar rigarsa kuma na ga jan tabo a ƙirji, na sunsuna, kankana ce. Nan take na tuna yadda Mama take zazzage aljihunsa ranar wanki tana fito da takardun minti tana faɗa. Na ce shi ke nan, na kama ɓarawona. Ban tsaya na tuna cewa Mamana a cinyarsa take zama ta sha tata kullum ba, tana ɗiga masa a jiki, ta yar da cokalin inda ta ga dama.

Ban gaya wa Baban yara komai ba, don ina ganin bai kamata in tona asirin mahaifina a gaban surukinsa ba. Na bari ya fita shago, na shiga wurin Baba da cokalin a hannu. Na tambaye shi, ya ce wallahi ko ɗanɗanawa bai yi ba, rabonsa da abu mai zaƙi tun ranar da likita ya hana shi. Na ce to lambobin nan daga sama suka faɗo? Ya ce shi ma abin yana ɗaure masa kai. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ni, Yaya, na ce wa Baba ya ji tsoron Allah. Ban tsaya nan ba, na ce ya fito da harshensa in gani, kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyu in sun sha abu a cikin darasi. Ya dube ni, ya buɗe bakin. Harshen a bushe yake, fari fat, alamar mutumin da ciwo yake ci, ni kuwa abin da na ce kawai shi ne ai ya kuskure baki kafin in shigo.

Ranar na sa wa ƙofar kicin makulli, na ɗaura shi a bakin zanina. Baban yara ya tambaya, na ce saboda yara ne, ya ce to. Daga ranar ƙanƙarata ba ta sake raguwa ba, ko ɗaya, sai na ƙara tabbatar wa kaina cewa na yi daidai. Amma sugan bai sauka ba, sai ma ƙara hawa. Maimakon hakan ya sa in yi tunani, sai na ce lallai aike yake yi a sayo masa a waje, na bi masu shagunan layinmu ɗaya bayan ɗaya na ce kada wanda ya sake sayar wa tsohon nan ko ɗan aikensa da wani abu mai zaƙi. Suka yi ta kallona, mai shagon da ke kan kwanar layin har ya ce shi fa ban da batirin tocila Baba bai taɓa sayen komai a wurinsa ba. Abin da ya fi cin raina yanzu shi ne ruwa. Mutum ƙishirwa tana neman kashe shi, ruwan sanyi yana kulle a kicin, sai ya ƙwala mini kira ya jira in ga damar tasowa. Daga baya ma ya daina kira, ya koma shan na famfon banɗaki. A cikin kwanakin nan ne na kira ki na zayyana miki komai, kika ce in ba Baba wayar. Ina tsaye ina jin muryarki tana fitowa, kina ce masa shi ba yaro ba ne, in so yake ya bi Mama ya bar mu marayu gaba da baya to ya faɗa. Bai ce miki komai ba sai to, to, Allah ya yi muku albarka. Da ya miƙo mini wayar ban iya kallon fuskarsa ba, amma duk da haka ina jin ni ce mai gaskiya.

Ranar Talata da hantsi na kai masa shayi na tarar da shi a zaune a bakin gado, kai a sunkuye, yana magana ba ta haɗuwa, yana kirana da sunan Mama. Na fasa ihu. Na kira Baban yara a waya, ya bar mutum da rabin aski ya rugo, muka sa shi a mota sai asibiti. Aka ɗaura masa ruwa, aka yi ta kai da kawo a kansa, likita ya ce da mun ƙara rabin yini da labarin ya canza. Da abin ya ɗan lafa sai wata nas, babbar mace mai tabarau, ta zaunar da ni tana cike takarda. Ta tambayi abin da yake ci, na kwashe labarin satar ƙanƙara na ba ta, har da cokali da riga. Ta tambaya ko yana tsallake allura, na ce ko sau ɗaya. Sai ta ce a ina muke ajiye maganin. Yaya, da alfahari na ba ta amsa. Na gyara zama na ce ai ta wannan fannin ba ni da wasa, a wuri mafi sanyi nake ajiye shi, har ƙanƙara yake yi, sai na narkar a hannuna nake kai masa.

Matar nan ta ajiye biro. Ta cire tabarau. Ta ce in maimaita abin da na ce. Na maimaita, murya ta fara yin ƙasa. Ta ce insulin in ya daskare ya mutu, ko ya narke ba ya komawa daidai, sanyi yake so amma ba ƙanƙara ba, kuma a jikin takardar da ke cikin kwalin an rubuta. Ta ce kwana nawa ina haka. Na ce goma sha uku. Ta ce to kwana goma sha uku ke nan tsohon nan yana soka wa kansa allurar da kusan ba ta da maraba da ruwa. Ni da nake koya wa yara karatu, takardar nan sau nawa ina ninke ta in mayar cikin kwali ban taɓa karanta layi ɗaya ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A barandar asibitin na gaya wa Baban yara komai ina kuka, har na zo kan ƙanƙara biyu da suke ɓata kullum. Sai na ga mutum ya riƙe baki, ido ya fito. Ya ce wai ƙirgawa nake yi? Ashe shi ne. Kullum in ya dawo cin abincin rana ina can ina fama da wanki ko na ɗan kishingiɗa, sai ya ɗauki biyu ya naɗe a leda, ɗaya tasa, ɗaya ta mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shagonsa, har yana yi masa alfahari wai matarsa ta fi kamfani. Da ya ga na kulle kicin na ce don yara ne, sai ya ji kunyar roƙon makulli ya haƙura. Da na buɗe baki na tambaye shi sau ɗaya tak, da magana ta ƙare a ranar. Ni kuwa ina can ina rufa wa Baba asirin laifin da bai yi ba, bayan na bi layi kaf na tallata shi a wurin masu shago.

Da Baba ya dawo hayyacinsa na durƙusa a gefen gadon na gaya masa, ban rage komai ba. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya ce ai ya gaya mini ruwan ya canza. Iyakar abin da ya faɗa ke nan na ƙorafi. Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun kafin in roƙa, in tashi kada mutanen ɗakin su zaci mutuwa aka yi. Sai ya tambaya wa da wa suka sani. Na ce daga nas da likita sai Baban yara. Ya ce to a bar shi haka, ya haramta mini in gaya wa ke ko Yaya Babba.

Ban fahimci nufinsa ba sai shekaranjiya, da Yaya Babba ya zo duba shi. Ina kicin ina haɗa masa abinci, ina jin su ta taga. Kin san Yaya Babba in ya fara. Ya yi ta yi wa Baba nasiha a kan kwaɗayi, yana kawo misalin wane da wane da aka yanke wa ƙafa, yana cewa ga yarinyar nan tana wahala da shi dare da rana shi kuma yana zagayewa yana sha mata kayan yara. Na ajiye ludayi zan fita in faɗi gaskiya, sai na ji muryar Baba. Ya ce haka ne, shi ya sha, zafi ne ya yi masa yawa zuciya ta rinjaye shi, a yi wa tsoho haƙuri ba zai ƙara ba. Har da 'yar dariya ya faɗa. Yaya, sai na fasa fita, na tsaya a kicin riƙe da murfin tukunya. Mutumin da na sa ya rantse, na sa ya buɗe baki, ya ƙi amsa laifin lokacin da amsawar za ta sa in ƙyale shi, yau ga shi yana amsawa da bakinsa. Bayan Yaya Babba ya tafi na shiga na tambaye shi don me. Ya ce tsoho mai kwaɗayi dariya za a yi masa kwana biyu a manta, amma 'yar da aka ce ta kusa kashe ubanta, maganar za ta bi ta har jikokinta su ji, kuma shi bai haife ni don a riƙa nuna ni da baki ba.

Na kwana biyu ina juya maganar, na ga ba zan iya ba. Na saɓa masa sau ɗaya da rashin sani, wannan karon da sanina nake saɓa masa, kuma Allah ya gani ba don raini ba ne. Ba zan zauna ina ji ana kiran Baba maƙaryaci mai kwaɗayi ana yaba mini haƙuri ba. Na rubuta wa Yaya Babba irin wannan takardar, gobe zan kai masa da hannuna in tsaya ya karanta a gabana, masu shagon layi kuma na riga na bi su jiya na warware abin da na ƙulla. Duk abin da za ki ce mini ki faɗa, na cancanta, ba zan buɗe baki ba. An ba mu sabon magani, ya koma jikin ƙofa inda yake tun farko, shi yake ɗauka da kansa.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da yaranki, Babban Yaya da Ƙaramar Hajiya da autanki sarkin rigima, ki ce ina nan ina jiran hotunan da suka yi mini alkawari. Ki miƙa gaisuwata ga Gwaggo in kin je duba ta, da Kawu Dogo da iyalinsa. Baban yara yana gaishe ku, kunya ta hana shi karɓar biro ya ƙara ko layi ɗaya. 'Yan biyu da Mamana suna gaida Ummansu ta nesa.

Roƙona ɗaya ne, Yaya. Ki kira Baba, ba wayata ba, tasa, ki ba shi haƙuri a kan maganar da kika gaya masa, domin ni na sa ki faɗe ta. Na san shi, zai yi dariya ya ce miki ƙanwarki ce take son rufa masa asiri, shi ne ya sha. Don Allah kada ki yarda.

Wassalam. Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman 'yan biyu